Abin da Na Gani Ranar da Na Kunna Fitila

Talata Mafara,
Litinin, 9 ga Rajab.

Zuwa ga ƙanwata Hindatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Alhaji Abdulrashid da yara baki ɗaya. Ya Fatakwal, ya ruwan naku da ba ya gajiya? Allah Ya ƙara lafiya, Ya buɗa kasuwa, Ya raya zuri'a bisa tafarkin addini. Mu nan sai godiya. Malam Ishaku lafiya lau, in ban da gwiwar nan da kika san shi da ita, kuma ba ta hana shi zuwa Bakolori duba shinkafar rani da aka dasa mishi. Inna tana Dakko ta Bakura wajen Kawu Dikko tun bayan girbi. Ta yi ƙiba, ta ce nonon Bakura ya karɓe ta.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya. Maganar ce ba ta waya ba, don na san da kin ɗaga yara ke kewaye ki, ni kuma in na ji muryarki sai in riƙa rage magana don kada hankalinki ya tashi. Maganar ɗiyarki ce Ummulkhairi, wadda har yau kunyar ɗan fari ba ta barin ki kama sunanta. Tun farko ki kwantar da hankali: tana lafiya, yanzu haka tana tsakar gida tana wanke allonta. Amma akwai abin da na faɗa miki a waya har sau uku wanda ba daidai ba ne, kuma ba zan so in kwanta dama da shi a wuyana ba.

Kin san abin da ya same ta tun bayan Babbar Sallah, ranar da muke dawowa daga Dosara aka ji harbi a gaba, direba ya kutsa da mu cikin gona muka kwanta. Allah Ya tsare, amma tsoron bai bar ta ba. Da rana tsaka sai gabanta ya hau faɗuwa, numfashi ya ƙi isa, yatsunta su riƙa sagewa, ta ce ita mutuwa za ta yi. In na riƙe hannunta na kira sunanta tana amsawa, muna ambaton Allah tare har abin ya lafa, bayan nan kuma ta ba ni labarinsa daga farko har ƙarshe. Wannan fargaba ce, kuma a kanta ban yi miki kuskure ba.

Wajen watan Mauludi sai wani abu ya ƙaru. Lokacin izu biyar suka rage mata, ni kuma na ƙwallafa rai a yi saukarta kafin azumi, sai na fara tashinta ƙarfe uku tare da ni, ina nafila tana tilawa, ta ɗan koma barci kafin asuba. Wata rana ina tsakiyar salla sai na ji ta yi wani ƙara, gadon ya hau motsi. Ban yanke salla ba. Ina sallamewa na lalubo ta cikin duhu, na lulluɓe ta da mayafi, na rufe idona na yi ta tofi har ta yi shiru ta kama minshari. Haka muka ga Inna na yi in yaro ya firgita cikin barci, ba a haska mishi fuska, ba a tashe shi. Sau biyar hakan ta faru, sau biyar ina yin haka. Da safe in na tambaye ta me ta gani a mafarki sai ta ce ba ta ga komai ba, kanta dai ke ciwo, jikinta kamar ta wuni tana daka. Ni kuwa na ce a raina ɓoye mini take. Shi ne na riƙa ce miki tsoron hanyar Dosara ne ke biyo ta har gado.

Karatunta ne ya tona. Shekara goma sha ɗaya ina sauraren bakin yarinyar nan kowace safiya, na san shi kamar tafin hannuna. Sai na lura akwai ranakun da harshenta ke nauyi, harafin lodi ba ya fita, tana ta kakkauce wa gefen bakinta. Har faɗa na yi mata, Allah Ya yafe mini, na ce mai shirin sauka ba ta karatu kamar mai tauna goro. Ran nan ina gyara mata na ce ta buɗe baki in ga inda take aje harshen. Hindatu, gefensa a tsage yake, ga sawun haƙori. Da na zauna na yi tunani, duk safiyar da karatu ya lalace, daren jiya ne gado ya yi motsi. Sai a sannan ta faɗa mini, kanta a ƙasa, cewa sau biyu tana tashi ta iske shimfiɗa a jiƙe, ta wanke a ɓoye kafin in gani.

Washegari Malam ya kai mu asibiti, muka samu wata likita, Dakta Nazifa, mace mai haƙuri. Ta saurari labarin abin da ke zo mata da rana, ta ce ta gane shi. Da aka zo na dare sai ta tambaye ni ko idon yarinyar a buɗe yake ko a rufe, ko jikinta sandarewa yake ko karkarwa, ko tana amsa kira. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Na ce mata gaskiya ni ban taɓa gani ba, idona a rufe yake, fitila kuma a kashe. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce addu'a ba ta hana kallo, in ci gaba da abina, amma in buɗe ido. Ta tambayi tsawon lokacin, na ce agogo dai ban duba ba, amma yakan kai in ja carbi zagaye biyu na istigfari. Ta ce in ja a gabanta. Na ja, tana duban agogonta, ta ce minti biyu ne da 'yan kai, kuma wannan ma shaida ce mai amfani.

Sai ta ce in ya sake faruwa in kunna fitila in ɗauka da waya. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai. Budurwa tana barci, kai ba ɗankwali, ba ta san inda take ba, amana ce a hannuna, a ce in ɗauke ta hoto? Na tambayi Malam, ya ce neman magani ne, ba laifi, muddin ita ta yarda kuma likita kaɗai za ta gani. Ummulkhairi kuwa cewa ta yi ta yarda, amma da sharaɗin za ta riƙa kwana da hula, kada likita ta ga tsohon kitsonta. Ita ta koya mini inda ake dannawa, tana ta yi mini tsiya wai Inna Taibatu ta iya bambance haruffa da kunne amma ba ta iya bambance hoto da kira ba.

Kwana tara bayan nan abin ya zo. Na yanke sallata, karo na farko da zan iya tunawa, na kunna fitila. Idonta a buɗe, ya juye sama, jikinta ya sandare sannan ya hau fizga, na kira sunanta ba ta san ina yi ba. Na riƙe wayar na ɗauka. Ko ni da ban yi boko ba na ga ba abu ɗaya ba ne da na rana. A na rana tana tare da ni, tsoro ne ya cika ta. A wannan ba ta nan sam, kuma ba tsoron komai a fuskarta.

Dakta Nazifa ta kalla, ta tura mu Sakkwato aka yi gwajin ƙwaƙwalwa, wanda ake manna wayoyi a kai. Zan rubuta miki sunan yadda aka faɗa mini, ba zan kewaya ba: farfaɗiya ce, irin mai zuwa cikin barci. Likita ta ce mutum ɗaya yana iya haɗa ta da fargaba, kowace da maganinta. Ta ce ba a ɗaukarta ta miyau ko ta kwano, don haka tare muke cin tuwonmu kamar kullum. In ta tashi, a kwantar da ita ta gefe, kada a danne ta, kada a sa mata cokali ko rubutu a baki sai ta farka sarai, in kuma ya wuce minti biyar a nufi asibiti. Na hana ta jan ruwa a rijiya da zama gaban murhu ita kaɗai. Abin da ya fi taɓa ni, ta ce ƙarancin barci yana tayar da ciwon. Ta ce ba ni na sa mata shi ba, amma tashin ƙarfe uku bai taimaka ba. Na daina. Yanzu da an yi isha'i take kwanciya, karatu sai bayan asuba da la'asar.

Yau wata guda da rabi ke nan tana shan ƙwayarta safe da dare, gado bai sake motsi ba, alhamdu lillahi. Na ranar ma ya ragu, sau ɗaya ya zo mata ran kasuwa da wani babur ya yi ƙara, ta zauna ta ja numfashi a hankali yadda aka koya mata, ya wuce. Harshen ya warke, lodi ya dawo tas. Abin mamaki, tunda take samun barci karatun ya fi sauri, izu ɗaya ya rage.

To ga roƙona. Na farko, ki yafe mini maganar da na faɗa miki ba da sani ba, da wata biyun da na yi ido a rufe. Na biyu, likita na son sanin ko ta taɓa shiɗewa da zazzaɓi kafin a yaye ta a kawo mini, ko akwai mai irin wannan a dangin Alhaji. Ki tambaya a hankali. Na uku shi ne mai nauyin. Ɗiya taku ce, in ke da Alhaji kun ga a mayar muku da ita kusa da ku, ba zan ce uffan ba, ni da kaina zan haɗa mata kaya. Na tambaye ta, ta ce ita dai a bar ta ta ƙarasa a kan allon da ta fara. Ni ma abin da nake so ke nan, amma ba zan riƙe ta da ɓoye muku komai ba, shi ya sa na rubuta duka. Malam ya sa ranar sauka, Asabar ta biyu a Sha'aban. Ki zo ki ji ta da kunnenki, sannan ku yanke abin da kuka ga ya dace.

Ki gaida Alhaji Abdulrashid da kyau, ki karanta mishi takardar nan in kin ga dama. Ki gaida Fa'iz da Ikram da auta Zakiyya. Malam na gaishe ku, Inna da Kawu Dikko ma sun aiko da gaisuwa. Ummulkhairi ta ce in faɗa miki ki taho mata da hula mai kyau, tunda yanzu fitila a kunne muke kwana.

Wassalam.

Yayarki,
Taibatu.