Gyaran Murya a Bututun Hayaƙi

Karaye

Zuwa ga maigidana Zaharaddini, mai walda a Rogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ba ka cefane. Na rubuto da bokona na yaƙi da jahilci don a waya sai ka ce ba ka ji sosai.

Ka san tanderun burodin da kakanka ya bari a bayan gida. Bututun hayaƙinsa na jan bulo ya tsattsage. Da Ɗanmaliki mai gasa burodin ya hura wuta, sai hayaƙi ya biyo bango ya cika ɗakin da ƙanwarka Jamilatu take jego. Jaririnta tari yake har ya shiɗe. Ka zo ka gyara.

Amma ka shigo da ladabi. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, yana nan a ciki. Kullum la'asar sai ya yi gyaran murya daga bututun, irin wanda yake yi a zaure kafin ya shigo gida. Ni kuwa sai in ja mayafi in ce sannu da zuwa. Yi dariyarka.

Matarka ta fari,
Sadiƙa

Rogo

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, a duba min Jamilatu da yaro.

Ba sai an rushe ba. Akwai bututun ƙarfe mai lanƙwasa, zan zura shi daga sama, Ɗanmaliki ya ja da igiya ta ƙasa, in liƙe bakin da siminti. Hayaƙi zai bi cikinsa, ba zai ƙara taɓa bulo ba.

Sai dai gara in faɗa miki tun yanzu. Ƙarar nan iska ce take bin tsagar. In na gama, ba za ki sake jin ta ba. Kin yarda?

Jikanki,
Zaharaddini

Karaye

Maigida,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta hana ni cin tuwo. Tun da aka kai kakanka makwanci, wannan kaɗai ya rage min nasa. Jiya na zauna gindin tanderun, ya yi gyaran muryarsa, yaron ma ya kama tari daga ɗaki. Na ce, Malam, kai ma ka ji.

Ka zo. Kishi ne dai yake cin ka, na gane.

Sadiƙa

Rogo

Kaka,

Bayan gaisuwa, na iso gida lafiya. Akwai abin da na kasa faɗa a gaban Jamilatu.

Kin ga lokacin da bututun ya maƙale a tsakiya, muka ja, muka murɗa, ya ƙi? Kika ɗago kai kina tsokanata, wai wa ya koya min shiga gidan mutane ba sallama. Don ki yi shiru na sa baki a ramin na yi sallamar. Kaka, an amsa. A hankali, kusa da kunnena, da ɗumin numfashi, alhali ba wuta a ƙasa. Sai bututun ya sulale da kansa. Na tambayi Ɗanmaliki, ya ce a lokacin ya saki igiya yana shan ruwa.

Don Allah ki gaya min ke ce kika shirya wannan.

Jikanki,
Zaharaddini

Karaye

Zaharaddini,

Ina gaisuwa. Ba ni ba ce.

Aikinka ya yi kyau. Babu hayaƙi a ɗaki, yaro yana barci har da minshari. Bututu kuma ya yi tsit kamar yadda ka ce.

Jiya da la'asar ina tsince shinkafa na ji gyaran muryar. Daga zaure. Jamilatu ma ta ja mayafi. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina.

Ka nemi wata matar, mai gidan ya dawo.

Ka huta lafiya,
Kakarka