Gishirin Ƙasan Randa Ya Bayyana

Sunchang,
ƙarshen sanyi.

Zuwa ga Yaya Gwang-su,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawar da ta kamaci ƙane ga wansa. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Sydney, kuma gwiwar da aikin shimfiɗa tayil ya cinye ta yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama da baƙunta lafiya. Mu nan kalau muke. Ƙanƙara ta narke, sai ɗan abin da ya maƙale a inuwar katanga. Umma tana nan da ciwon bayanta, amma ba ta fasa tashi da asuba ta ɗora kwanon ruwa mai tsabta a kan murfin randa ta roƙa maka alheri ba. Sunanka take fara kira, nawa yakan biyo baya idan ta tuna, ban kuwa taɓa jin haushi ba. Gwaggo Sun-rye ta sa sababbin haƙora, bakinta sai ya ƙara kaifi.

Bayan haka, na zaɓi takarda ne domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce ban san zamani ba, ka kashe. Takarda kuwa sai dai ka yaga ta, amma ba za ka katse ta ba. Maganar uwar randa ce. Kwalaben da ka ce a sake cikawa a aika wa mutanenka, ban cika ba, kuma ba zan cika ba.

Ka fi ni sanin randar nan ta ƙuryar dandamali, wadda Kaka ta zo da irin ganjang ɗinta, ruwan waken soyan da muke gyara miya da shi, a ɗan tulu ranar da aka kawo ta gidan nan amarya. Kowace shekara idan an tsame curin waken soya daga ruwan gishiri, ruwan da ya rage shi ne sabon ganjang, a kan tsohon ake zuba shi, tsohon ya koya masa ɗanɗano. Shi ya sa muke ce mata uwa. Ana ɗiba, amma ba a taɓa ɗibar abin da ya fi wanda aka zuba. Da shi aka gyara miyar aurenka, da shi kuma ake gyara abincin da muke jerawa gaban hoton Baba duk shekara. Shekaranjiya na ɗaga murfin, Yaya, na hango dunƙulen gishirin da ke kwance a ƙasa yana ƙyalli. Tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa ba. Na tambayi Umma, ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba, ta juya ta shiga gyaran wani murfin da ba abin da ya same shi.

Lokacin da ka shigo mana da dandalin nan da ake biyan mutum kuɗin kirifto idan ya sa rubutu ko hoto jama'a suka danna masa ƙuri'a, ban yi maka musu ba. Ka ce in riƙa ɗaukar Umma hoto a cikin randunanta, na ɗauka. Ka ce ta sa tsohuwar riga domin ta fi kama da kaka, ta sa, tana dariya. Har ƙauyen nan ya ɗauka. Matan zauren tsofaffi sun maida abin aikin gayya: ki danna mini yau, in danna miki gobe. Na zauna kusa da su na ga yadda ake yi. Babu mai karanta na wata. Gwaggo da kanta ta danna wa sanarwar rasuwar wani mutum alamar murna, da aka nuna mata ta ce ai ba ta sa tabarau ba, kuma shi mamacin ma ba karantawa zai yi ba. A nan na fara tambayar kaina abin da ake biya, tunda ba karatu ake yi ba.

Ba ni da ilimin injinanku, amma na daɗe ina kallo. Kullum gari ya waye dandalin ya ƙyanƙyashe sababbin sulalla ya raba. Duk wanda ya samu, hanyar sayarwa yake nema, domin ba a sayen shinkafa da su. To wa ke saye? Na bi na duba, ban ga kowa ba sai wanda ke son ƙuri'arsa ta yi nauyi, don ya tara da yawa shi ma ya sayar. Kowa da ludayinsa, ba mai curi. Muddin sababbin mutane na shigowa da kuɗin guminsu, randar tana kama da cikakkiya. Bara da shigowa ta ragu, kai da kanka ka ga yadda abin ya zube, har ka daina kiran Umma ranar Lahadi na wani lokaci. A lokacin ne ka yi wa masu danna maka alkawarin kwalbar ganjang na Kaka. Wato da naku ya ƙafe, sai kuka zura ludayi a namu. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa, wani ne ke biya, kuma a wannan karon tsohuwar da ke roƙa maka alheri da asuba ce.

Ban gaya maka zuwan babban kifinka ba, wancan da ka ce ƙuri'arsa ɗaya ta fi ta mutum ɗari. Ya zo daga Seoul a farar mota, da waya a kan sanda. Ya hau dandamalin da takalmi, ana yayyafi, ya kama murfin uwar randa ya ɗaga don hoto ya yi kyau. Yaron goye a ƙauyen nan ya san ba a buɗe randa cikin ruwa. Gwaggo ta fito da muciya ta tambaye shi ko a cikin leda aka raine shi, ta ce kifin da ya kai wannan girma bai san ruwa ba, a soya shi kawai a huta. Shi kuwa dariya ya yi ta yi, wai kakar nan tana da abin dariya, a sake faɗa ya ɗauka. Umma ta ba shi haƙuri a madadin Gwaggo, ta cika masa kwalba, ta ɗaure bakin da jan zare kamar yadda take yi, domin baƙon babban ɗanta ne.

Kwalbar nan na bi ta, Yaya. Ya sa hotonta, aka danna masa. Bayan ɗan lokaci na gan ta a shafin wata mata a Busan, wai gadon kakanni ya iso gidanta. Daga nan na gan ta a hannun wani saurayi, ya jingina ta da tagar otal. Ita ce dai, domin na san ƙullin Umma, kuma zaren yana nan yadda ta ɗaure shi. Ba wanda ya buɗe. Abin da Kaka ta ɗauko a goye, abin da Umma ta tsare daga ruwa da ƙuda tun tana amarya, yana yawo hannu zuwa hannu ba wanda ya ɗiga shi a miya. Wannan ne ya ƙona mini rai fiye da takalmin mutumin.

Na san abin da za ka ce: a ƙara haƙuri, abin zai tashi, wannan karon ne na ƙarshe. Haka ka ce lokacin kaka, haka ka ce da sanyi. Ka kuma san Umma ba za ta iya ce maka a'a ba. Ta riga ta wanke kwalaben ta kife su a rana. Da na yi magana ta ce wai in bari, wana yana wahala a ƙasar mutane, ganjang ai ruwa ne da gishiri. Ba ta dube ni ba da take faɗa. Idan aka sake ɗiba yanzu, sabon da za mu zuba a watan gobe ba zai tarar da uwar da za ta riƙe shi ba. Zai zama ganjang kamar na kowa, kuma kuɗin duniya ba zai dawo da na da ba.

Don haka na kwashe kwalaben na kai wa mai sayen tsofaffin kaya. Na rufe bakin randar da ƙyalle, na ɗaure da igiya, na gaya wa Umma ni na yi, laifin a kaina. Ta kira ni mai taurin kai irin Baba. Amma ba ta kwance igiyar ba, ga almakashi kuwa a rataye kusa da ita.

Ranar tunawa da Baba ta matso, kai ne babba, kai ya kamata ka fara zuba masa giya. Ka zo. Na ajiye maka curi ɗaya rataye a ƙarƙashin rufi, da ba don 'yan kwastan ba da na aiko maka ka ga inda ganjang ke farawa. Idan ka iso, ka kwance igiyar da hannunka, ka leƙa ka ga gishirin, sannan ka dubi idon Umma ka ce ta ɗiba. In ka iya, ni zan riƙe maka ludayin. Amma ta waya, daga nesa, ba za a sake taɓa ta ba.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa ɗaure gwiwar da ɗumi. Gwaggo ta ce in gaishe ka, sauran saƙon nata ba na takarda ba ne. Ka gaida mini matarka Mi-ok da kyau, na gode da safar da ta aiko. Ka shafa mini kan Ye-rin, ka gaya mata akwai ɗan tulu a gidan kakarta da za ta tafi da shi ranar aurenta, kuma baffanta yana nan zaune a kan rabonta.

Ƙanenka da bai daina girmama ka ba,
Tae-bok