Ajiye Digar Nan, Lukmanu

Assalamu alaikum, ya Lukmanu, sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan farko da ake sako wa kanal ɗin noman rani bayan ƙasa ta tsattsage don ƙishi! Ina gaishe ka gaisuwar wadda take kewarka, take kuma jin haushinka, duka a zuciya ɗaya.

Wai me nake ji haka? Jiya ƙanwarka Ummulkhairi ta zo mini da labarin ka aro diga, ranar Asabar za ka rushe ɗakinmu, ka tafi Kano neman aikin da zai kawo maka bulo da siminti, bikin da ya rage mako uku a ɗaga shi sai baɗi. Ashe haka zuciyarka take da saurin karaya? Ginin da ruwan Agusta ya daka har ya gaji bai kayar ba, shi ne dariyar mata huɗu za ta kayar?

Na san abin da ya faru, don a gidanmu aka ƙarasa shewar. Gwaggo Kubra ta ja zugar masu jere suka je awon ɗaki, kamar yadda ake yi kafin a kai kayan amarya. Ta ware mayafinta ta auna daga bango zuwa bango, ta ce gadon da Baba ya sayo mini ya fi ɗakin da kamu ɗaya. Daga nan bakinta ya buɗe. Wai harsashin tsofaffin tayoyi ne, bango robobin lemo ne da aka ɗura wa yashi, silin kwandunan tumatir ne, ita ba za ta kai ɗiyar ɗan'uwanta juji ba. Juji! Ita da ko murhu ba ta taɓa ginawa ya tsaya daidai ba! Kowa ya raina tsayuwar wata, ai sai ya hau ya gyara.

Kuma da me take mana alfahari? Da gidan simintin surukinta na Kura, wanda da bazara kwanonsa yake gasa su kamar gurasa a tanderu, kowa ya kwaso tabarma ya dawo tsakar gida yana fifita da marfin kwano. Bangon ya tsage tun shekarar farko, an rufe tsagar da labule, labulen kuwa mai tsada ne, wannan kam ba zan yi musu ba. Su dai a shiga a ga fenti da ƙaton madubi a yi guɗa. Ko mai ɗakin tana iya barci a ciki, ba ruwansu. Irin mutanen da ka tsaya a gabansu ke nan kana sunkuyar da kai, kai da hannunka ya san abin da bakinsu bai sani ba. Wallahi wannan sunkuyon ya fi zaginsu yi mini ciwo.

Ka manta ranar da na biyo ta bakin kanal ni da Ummulkhairi, muna dawowa daga kasuwar Bunkure? Muka same ka cikin kwaɓin ƙasa har gwiwa, kana tattaka ta da buntun shinkafar da masu inji suke ƙonawa don sun rasa yadda za su yi da shi. Rana tana dukan ƙeya, ka ce mu shiga mu gani. Na sa ƙafa, sai na ji sanyi kamar na leƙa cikin randa. Hasken kwalaben da ka jera a taga, kore da ruwan zuma, ya zubo mini a tafin hannu, kai kuma kana bakin ƙofa kana goge taɓo a wando, ka kasa kallona. Ya hasken raina, wace amarya ce a ƙasar nan angonta ya san kowane taƙi na bangonta da yatsunsa? Tun ranar ban sake ganin wani gini ya burge ni ba.

To, ji abin da na yi, tunda kai ka zaɓi aron diga. Na sami Baba bayan la'asar na tambaye shi, gadon nan na wane ne? Ya ce nawa. Na aika aka kira Dattijo kafinta, ya zo da zartonsa. A tsakar gida, a gaban Gwaggo, na nuna masa inda zai yanka. Ta yi salati, ta yi tafi, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an rage gadon amarya ba, sai dai a ƙara ɗaki. Dattijo ya rage kamu ɗaya da ɗan ƙari, ya mayar da shi, ya yanke katifar daidai. Tun daga lokacin ba ta amsa gaisuwata, ban kuwa rame ba.

Yanzu gadon ba ya komawa shago, kuma duk faɗin Kadawa babu ɗakin da aka yanka shi dominsa sai naka. Na tozarta kaina a gaban dangina saboda bangon nan, Lukmanu. Idan ka ɗora masa diga ranar Asabar, ka sani ba roba da yashi kake sara ba, ni ce a ciki. Mayar wa mai diga kayansa, ka share ɗakin, masu jere suna tafe ranar Alhamis ta sama.

Ni ce taka, a ɗakin ƙasa yau, har ranar da za a kai ni ɗakin ƙasar da babu mai zuwa awonsa da mayafi,

Rauda