Kwanon Ɗakin Baba

Talata Mafara,
watan Maris.

Zuwa ga aminina Tukur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Farida da yara, da kuma aiki a Abuja. Saƙon ta'aziyyarka ya iso, Allah ya ba da lada. Ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba. Na sha ɗaukar biro in ajiye.

Yanzu muna Mafara, ni da Inna da ƙannena, a wani kango da kawuna Ɗan Juma mahauci ya ba mu aro. Tun ranar da 'yan bindiga suka shiga garinmu Gidan Goga ban yi kuka ba. Ni na sa Baba a kabari, na wanke hannu, na ci tuwo. Mutane suna yaba mini tawakkali. Ni dai na san ba tawakkali ba ne, babu kome ne kawai a ƙirjina.

Ka tambayi zane-zanen da na yi alkawarin kawowa baje kolinka. Sun ƙone duka, har wanda muka yi tare muna makaranta. Makon jiya na koma garin cikin motar shanu. Abin da na samu shi ne kwanon rufin ɗakin Baba, ya yi baƙi ya lanƙwashe. Na ɗebo shi, da buhun toka daga inda rumbunmu yake. Ban san abin da zan yi da su ba.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Shafi'u.

Talata Mafara,
watan Mayu.

Aminina Tukur,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Yaya zafi, yaya iyali? Mu ma muna nan, alhamdulillahi.

Na fara aiki, amma ba irin wanda ka sani ba. Ba ni da ƙyalle, ba ni da fenti, kuma ban neme su ba. Ina kwaɓa tokar nan da ƙaro da jar ƙasa, in shafa a kan kwanon da tafin hannu. Inda wuta ta ci ba na taɓawa, ta riga ni zanawa. Wani wuri nakan kankare da tsohuwar wuƙar Kawu har ƙarfen ya fito fari. Ba mutum ko ɗaya a ciki. Zaure ne, da rijiya, da turken shanu babu shanu.

Hotunan da na tura maka ka ce sun girgiza abokan aikinka, har ana cewa an buɗe sabuwar hanya a zane. Na karanta, na ajiye waya. Da na so in ji daɗi, Tukur, kamar yadda muke yi da. Ka turo motar ɗaukar kwanukan a watan gobe kamar yadda ka ce.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Shafi'u.

Talata Mafara,
watan Yuni.

Aminina Tukur,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙonka ka dakatar da motar.

Ruwan farko ya zo da iska, ya yaye ledar da muka rufa ɗakin Inna da ita. Da safe na tarar da ita a rakuɓe da yara, tabarmi sun jiƙe, ƙaramarmu Bushira tana tari. Na dubi kwanukan nan jingine a bango. Ban yi wani dogon tunani ba, na ari guduma. Ni da Kawu muka buga su duka a rufin ɗakin, zanen yana kallon ciki.

Na san ka buga takardun gayyata da sunana, kuma na ba ka kunya a gaban mutane. Ka yafe mini.

Ɗakin ya daina jiƙewa, sai dai tsofaffin ramukan ƙusa suna yoyo. Jiya da la'asar aka yi ruwa, na zauna a ciki ina kallon sama. Ruwan yana bin zanen, yana narkar da tokar, yana ɗiga baƙi cikin kwanonin da yara suka tara. Rijiyar ta tafi. Zauren saura rabi. Inna ta ce in toshe ramukan da kwalta, na ce to, amma har yanzu ban yi ba.

In kana son ganin aikin da idonka, ka zo kafin damina ta yi nisa. Akwai tabarma, kuma Inna tana tambayarka.

Ka gaida Farida, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Shafi'u.