Ta'aziyyar Dakta Muttaƙa Baƙo da Amanar da Ya Bari a Garejinmu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Kanikawan Ƙonni, Malbaza da Illela ta samu labarin rasuwar ɗanmu kuma malaminmu, Dakta Muttaƙa Baƙo Tajaye, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan doguwar jinyar ciwon huhu.

Marigayin ya tashi ne a bakin hanyar Malbaza, inda mahaifiyarsa, Hajiya Kande, ke sayar da abinci cikin hayaƙin manyan motocin siminti. Da karatu ya kai shi nesa, sai ya duƙufa kan abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar mota. Shi ya fahimtar da mu cewa a jikin wannan abu akwai wani sinadari wanda ƙwayoyin zarrarsa ke jere da ƴan gurabe a tsakani, suna ajiye iskar oksijin, suna sakinta lokacin da ake bukata domin ƙone gubar hayaƙi. Idan jerin ya rushe, gubar sai ta fito yadda take, ta shiga ƙirjin mai talla da ɗan kabu-kabu.

A shekarunsa na ƙarshe, yana tari yana bin gareji-gareji, ya tara tsofaffin salansa domin gano yadda ƙurarmu da man bakin hanya ke rushe wannan jeri. Bai kammala ba. Abin da ya tara yana ɗakin ajiyar ƙungiya a Ƙonni, kuma muna baƙin cikin sanar da jama'a cewa tun ba a tashi daga zaman makoki ba, masu sayen tsohon ƙarfe suka fara sallama a ƙofar gidansa, suna neman a sayar musu da salansar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsu.

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, da mai ɗakinsa Malama Nasiba, da ƴaƴansa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Da yardar magada, ƙungiya ta kulle ɗakin ajiyar. Ba za a fasa ko salansa ɗaya ba, ba za a ɗora ko ɗaya bisa sikeli ba, har ɗalibarsa, Malama Rumaisa Isma'il, ta iso ta karɓa. Makullin yana hannun Hajiya Kande.

Alhaji Munkaila Sufyan Badaguishiri
Kakakin Ƙungiya