Waliyyi Yusufu a cikin yakuwar Mama

Asabar da dare, garin Manassas

Yau Mama ta kama ni. Wata huɗu gidan nan yana kasuwa ba mai saye, ga sabon aikina can garin Greenbelt yana jira. Sai wata nas a asibitinmu ta ba ni ɗan mutum-mutumin Waliyyi Yusufu, ta ce a nan binne shi ake yi a gaban gida, kansa a ƙasa, sai gida ya sayu. Na binne a ɓoye.

Da safe Mama tana gyaran yakuwarta ta tono shi. Ta shigo da shi a hannu, wai an yi mana asiri. Dole na faɗi gaskiya.

Sai ta ce: "Ladi, mutumin da ya ɗauki Yesu har Masar, shi kika kifa cikin ƙasa? Haka ake roƙon babba?"

Ta wanke shi da ruwan ɗumi, tana ba shi haƙuri kamar baƙon da aka wulaƙanta, ta tsayar da shi a taga.

Na ce to in gidan ya ƙi sayuwa fa?

Ta ce, "Waliyyi Yusufu kafinta ne, ya san gida. In ya hana, ya ga abin da ba ki gani ba."