Harafin da Surukina Ya Zaɓa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Baba Ma, mahaifin matata A'isha, ya iso yau daga garinsu Linxia, can arewacin ƙasar nan ta Sin. Ya rame ƙwarai. Tun da na ce masa bayan Sallah zan kwashe iyalina mu koma Kano gaba ɗaya, bai ƙara yi mini magana a waya ba. Yau ma hannu kawai ya ba ni, ya wuce wurin jaririyarmu.

Ni na raɗa mata Najiba, amma takardar haihuwa sai da sunan Sinanci, kuma a wurinsu kaka ne ke zaɓa. Ya fito da burushi da tawada ya zana harafi ɗaya: 归. Wai "gui". A'isha na gani ta shige kicin. Na bi ta na tarar tana goge ido. Ta ce, "Suna ne kawai."

Talata, 5 ga Nuwamba
Na nuna harafin ga Shitu, mutumin Maradi mai yi mana kago, wato tura kaya gida, a unguwar Xiaobei. Ya fi ni Sinanci nesa. Ya ce ma'anarsa komawa. Sai ya duba waya, ya ce ana kuma faɗinsa idan abu ya zama mallakin wani.

"Mallakin wa?"

"Alhaji, ni dai abin da na gani ke nan."

Komawa ina? Linxia? Na je kasuwar tufafi ta Baima na kasa zaɓar ko riga ɗaya.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Ni da A'isha mun yi faɗa ƙasa-ƙasa don kada tsohon ya ji. Na ce ba za a sa wa 'yata wannan suna ba. Ta ce shekara tara ina garin nan, daga "laoban" (maigida) sai "meiyou" (babu) na iya, yanzu kuma na zama malamin harufa. Na ce ai na san nufinsa, so yake ya riƙe yarinyar. Kallon da ta yi mini, ban taɓa ganin irinsa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Ban fita kasuwa ba. Na wuni a falo ina gadin tsoho da jaririya. Allah Ya kyauta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Bayan an idar da salla na tsayar da wani dattijon limami ɗan ƙabilarsu A'isha, Shitu yana fassara. Ya zana harufa uku da yatsa a tafin hannuna. Na farko "hui", komawar da ake yi a sake fitowa, kamar mutum ya dawo daga kasuwa. Na biyu "huan", mayar da abu ga mai shi. Na uku namu, "gui", komawa inda mutum zai zauna, ba fitowa. Ya ce a littattafan dā, amarya idan ta tare a gidan mijinta, da shi ake faɗa. Wani wurin ma "kui" ake karanta shi, ya zama bayar da kyauta.

Har na fara samun sauƙi, sai ya ce su Musulmin nan idan mutum ya rasu cewa suke ya yi "gui zhen", ya koma ga Mai gaskiya. Ya tambaye ni, "Wanda ya zaɓa, lafiyarsa ƙalau?"

Ban taɓa tambaya ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Da safe na tsare A'isha a kicin. Ba ta yi musu ba. Ciwon hanta ne ke damun Baba. Likita ya ce da wuya ya ga bazara. Baban ne ya hana a gaya mini, don kada in ce da ciwonsa aka ɗaure ni a ƙasar nan.

Na shiga na same shi yana jijjiga Najiba. Na durƙusa na ce, "Baba, wace ma'ana ka nufa?" A'isha ta fassara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya nuna A'isha ya ce ita tata komawar Kano ce, gidan mijinta, kada in bari kowa ya ce mata baƙuwa a can. Ya nuna ƙirjinsa ya ce tasa ta kusa. Sai ya ɗora mini yarinyar a hannu ya ce, "Wannan kuma kui."

Na fita baranda na daɗe.

Laraba, 13 ga Nuwamba
An sa sunan a takarda. Da hannuna na rubuta, ya karkace, ma'aikaciyar ta sa na sake.

Na kira Yaya Alhasan a Kano na ce kada su gyara mana ɗaki tukuna, bayan Sallar ba za ta yiwu ba. Ya ce me ya faru, na ce harkar kaya ce. Jibi Baba zai koma gida. A'isha ba za ta iya da jaririya da tsoho da jakunkuna a jirgin ƙasa ita kaɗai ba, shi ya sa na yanki tikiti har da ni. Rakiya ce kawai.

An ce ƙanƙara na zuba a Linxia. Gobe zan leƙa kasuwar Shisanhang in nemi rigar sanyi mai kauri. Ko biyu.